Gini ya tsaya a linta: ina zan ajiye kuɗin ko-ta-kwana?

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri kan wannan fili. Ina roƙon a sakaya sunana, domin wasu daga cikin waɗanda zan ambata ba sa wuce sauraren shirin nan.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano, mai matsakaicin albashi, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, muna zaune a gidan haya. A 2022 na sayi fuloti a bayan gari, ta wajen Kumbotso, da kasona na gonar gado da muka sayar, haɗe da abin da na ɗauka a adashe. Kafin a sa diga a ƙasa sai da na zauna da magini da wani abokina da ya karanci harkar gini, muka rubuta komai a takarda: bulo, siminti, rodi, yashi, tsakuwa, katako, kwano da ladan leburori. Abokin nan ya ce in ƙara kashi 10 cikin 100 a kan jimillar, in ajiye a gefe saboda abin da ka iya tasowa. Na ajiye kuwa. Malam, kuɗin nan ko ƙarshen harsashi ba su gani ba.

Da aka fara haƙa, gefen gabas lafiya lau, ƙasa mai tauri. Ana zuwa gefen yamma sai shebur ya fara fito da leda da tsummokara da baƙar ƙasa mai wari. Ashe tsohon kududdufi ne ya ɗan shigo cikin filin, aka cike shi da shara shekaru da suka wuce. Magini ya tsaya a cikin ramin, ya soka rodi da hannu ɗaya, rodin ya nutse kusan rabi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Alhaji, nan sai an bi shi har ƙasa." Ni da ko Dala ban cika hawa ba, balle Arfa, amma ranar da za a ci kuɗinka kowa Alhaji yake kiranka. Aka ƙara zurfi, aka ƙara kankare da rodi, sannan aka shiga ciko da jar ƙasa, tifa bayan tifa.

Sauran kuma ƙanana ne, amma su suka fi cin rai, don ba wanda ya tuna da su ranar lissafi. Unguwar ba famfo, ruwan kwaɓa siminti da na bai wa bulo duk saye ne a wurin 'yan garuwa. Da damina tifa ba ta iya shiga layin, sai ta juye yashi a bakin titi, in biya yara su kwaso da baro. An ɗauke mini rodi cikin dare, dole na ɗauki mai gadi. Ga kuɗin zane da na izinin gini, ga abincin ma'aikata da rana.

Ana cikin haka aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi. Buhun simintin da muka rubuta a kan naira dubu huɗu da wani abu ya haura dubu goma a farkon 2024. Rodi a Ƙofar Ruwa da katako a Na'ibawa su ma ba su tsaya jiran kowa ba. Takardar lissafin nan tana nan a cikin akwatina, yanzu in na ɗauko ta dariya take ba ni.

Inda ake yanzu: ɗakuna uku da falo da kicin sun kai linta. Saura rufi, ƙofofi da tagogi, filasta, wayarin, daɓe da sokawe. Na sake ɗaukar adashe, uwargida kuma, Allah ya saka mata, ta sayar da sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal ta ba ni ba tare da na tambaya ba. Abin da ke hannuna zai yi rufi da ƙofofi, ya bar ɗan canji. Kan wannan canjin ne kaina ya ɗaure.

Abokina ya ce wannan karon in ware kashi 20 cikin 100, kada in taɓa. Na yarda da shi, ba a fafe gora ranar tafiya. To amma a ina zan ajiye? In na bar su a banki, narkewa suke yi ina kallo. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, kuɗin da za su sayi bandir biyar na kwano a watan Janairu ba za su saye shi a Disamba ba. In na ce in mayar da su siminti, magini da kansa ya ce buhu in ya wuce wata uku a ajiye ƙarfinsa raguwa yake, in danshi ya taɓa shi kuwa ya zama dutse. Rodi da kwano ba sa saurin lalacewa, amma suna da ƙafa, kuma gidan hayarmu ko wurin ajiye keken yara da ƙyar muke samu. Wasu sun ce in biya mai shago in bar kayan a wurinsa sai na tashi buƙata. Na ga wanda ya yi haka, farashi ya tashi, mai shagon ya ce sai dai ya karɓi kuɗinsa ko ya yi ciko, har yau ba sa ga-maciji. Surukata kuma cewa ta yi in sayi raguna a kai mata ƙauye ta yi kiwo, a sayar da Babbar Sallah. Ban raina shawararta ba, sai dai in bango ya tsage a watan Yuli ba zan ce masa ya jira Sallah ba.

Akwai kuma wadda ta fi waɗannan nauyi, ita ce ma ta sa na rubuto. Ni ne na biyu a gidanmu, kuma ni kaɗai ke ɗaukar albashi. A wurin dangi, kuɗin da ke ajiye kuɗi ne da ba su da aikin yi. Ƙanwarmu za a aurar bayan Sallah, maganar kayan ɗaki ta riga ta iso kunnena. Baba kuma yana fama da hawan jini, magani ba ya yankewa. Na Baba ba abin tattaunawa ba ne, ko rufin zan fasa zan saya. Amma kayan ɗaki fa? In na ce babu, ƙarya na yi, don akwai. In na ce akwai amma na gini ne, za a ce na fifita bulo a kan zumunci. Gaba kura, baya sayaki.

Yayana yana ganin duk wahalar banza nake ba kaina. Shi cewa ya yi in rufe ɗaki biyu da banɗaki, in sa ƙofa, mu tare, kuɗin hayar da nake biya duk shekara su koma cikin ginin. A lissafi maganarsa tana da ƙarfi, kuma haka rabin unguwar suka yi. Uwargida ce ba ta so. Ta ce ba katanga, ba wuta, makarantar yara ta yi nisa, kuma ta san halin maza, in aka tare a gidan da ba filasta to sai jikoki su zo su tarar da shi haka. Wadda ta cire gwal daga wuyanta ta sa a gida, ina ganin tana da bakin magana a kansa.

Abokan aiki kuma suna tuna mini cewa duk wata ana cire mana kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, in je in nemi lamuni. Amma lamunin yana da ruwa na kashi 6 cikin 100, zuciyata kuma ba ta kwanta da gidan da zan kwana a ciki da iyalina ya haɗu da riba ba.

Don Allah Malam a duba mini. Mutum irina, nawa ya dace ya ware a wannan mataki na gini, kuma a wane irin abu zai ajiye su da ba za su narke ba, kuma zai iya kai hannu gare su ranar da buƙata ta taso? Ya halatta in ɓoye wa 'yan'uwana cewa akwai wannan ajiya, ko in fito fili in faɗa musu, kuma da wane irin lafazi? Sannan tsakanin maganar Yaya da ta uwargida, wacce zan bi ba tare da na ɓata da ɗayansu ba? Kuɗin haya zai cika nan da 'yan watanni, ina kuma son a ɗora kwano kafin ruwan farko ya sauka, don haka in da hali a taimaka a karanta wasiƙar nan da wuri.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani magidanci daga Kano