Wasiƙa kan kiwon tsutsar siliki

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Ka tambayi labarin kiwon tsutsar siliki. To, sai dai haƙuri: masu yi sun ragu, an sare yawancin itatuwan malberi da tsutsar ke cin ganyensu, faifayen kiwo suna rataye ƙura ta rufe su. Ɗakunan da a da in tsutsa na cin ganye sai ka rantse yayyafi ake, yanzu tsit.

Ban ga laifin matasa ba, aikin ne ba hutu. Ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana 10 zuwa 12, tsutsa ta yi kusan mako 4 tana ci, tana saɓa sau 4. Ƙanana sai ganye mai taushi, yankakke, da ɗumi wajen digiri 27. Manya sun fi son 24 da iska. In ka ga sun ɗaga kai sun daina motsi, saɓa za su yi: a janye ganye, a barbaɗa farar ƙasa shimfiɗar ta bushe. Mai gaggawar zuba ganye a nan shi ke raba musu girma, wasu gaba wasu baya.

Bayan saɓar ƙarshe ne gumi yake. Cikin mako guda suke cinye kusan kashi 80 na duk ganyen rayuwarsu, gida kaf ya koma tsinka da kwashe kashi, dare da rana. Ganye mai raɓa ko wanda ya yi yaushi yana lalata musu ciki. Danshi na kawo farar fumfuna, tsutsa ta sandare kamar alli. Feshin gonar maƙwabci kuwa, ko hayaƙin taba, faifai guda yake kashewa. Ciwon da ke bin ƙwai, wanda ya durƙusar da masu kiwo a Faransa, shi Louis Pasteur ya fara bincike a kai a 1865. Maganinsa a duba uwar ƙwan da na'urar ganin ƙananan ƙwayoyin cuta, in tana da shi a ƙone ƙwanta.

Da jikin tsutsa ya yi garau ta ƙi ganye, a ba ta wurin hawa, da tazara. In an cunkusa, biyu su saƙa gida ɗaya, zaren ya harɗe. Kwana 3 ta gama saƙa. A turara gidajen kafin kwana 10, don in ta fito da fiffike ta huda, zaren da zai kai mita 900 ya tsintsinke, ba ya warwaruwa.

Ka gaishe min da mutanen gida.

Naka, amininka.