Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministar Fasaha da Al'adu, Barista Hannatu Musa Musawa

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, magidancin da ke fafutukar kuɗin mudun masara ba ya kiran mai zayyana ya ƙawata masa zaure. Magina masu yi wa bango ado a Zariya da Kano, da masu rubuta allunan shaguna, da matasan da suka karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello, kasuwarsu ta mutu murus.

Amurka ta taɓa shiga ƙuncin da ya fi namu. Daga Disambar 1933 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta ɗauki masu zane sama da 3,700 tana biyansu albashin mako-mako, kafin tsakiyar 1934 sun yi ayyuka fiye da 15,000. Zanen da suka yi a cikin hasumiyar Coit ta San Francisco yana nan, har gobe ana zuwa kallo.

Amma tsarin da nake so ki duba shi ne wanda ma'aikatar kuɗinsu ta kafa a 1934 ƙarƙashin Edward Bruce. Idan za a gina sabon ginin gwamnatin tarayya, sai a ware kimanin kashi 1 cikin 100 na kuɗin don ado. A sa gasa, mai zane ya aiko da samfuri ba tare da sunansa a jiki ba, alƙalai su zaɓi aiki ba su san ɗan wane ne ba. Da haka aka yi zanen bango wajen 1,400 zuwa 1943, akasari a gidajen waya na ƙananan garuruwa. Ɓoye sunan nan shi ne maganin cutar da ke kashe shirye-shiryenmu, wato "wa ka sani".

Za a ce mutanenmu ba sa son hoton mai rai a bango. Gaskiya ne, kuma ba ma buƙatarsa. Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19 da laka da azara, jikokin sana'arsa kuma sun iya dagi da zayyana iri-iri.

Ki kai wa Majalisar Zartarwa buƙatar a kafa irin wannan tsari a Najeriya. A fara da gidajen waya na NIPOST da tashoshin jirgin ƙasa da fentinsu ya kwaye. Kuɗin kuma ya shiga asusun mai zanen kai tsaye, kada ya bi ta hannun ɗan kwangila.

Allah ya taya ki riƙo.

Naki,
Mai kishin sana'ar hannu, daga Zariya