Hattara da wuyan wanda ya yi hatsari

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka domin in ja hankalin masu kai ɗauki idan babur ya kayar da mutum. Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, a jere bisa juna, kuma laka ta ratsa ta tsakiyarsu. Na farko shi ke ɗauke da ƙoƙon kai, na biyu kuwa yana da ɗan tsini wanda kai ke juyawa a kansa. Jijiyoyin da ke motsa tantanin numfashi, wato naman da ya raba ƙirji da ciki, suna fitowa ne daga laka a daidai ƙashi na 3 zuwa na 5, don haka ɗaga mai rauni da gaggawa, kansa na lilo, yana iya shanye masa jiki ko ya tsayar da numfashinsa.

Muƙamuƙin ƙasa, mai ɗauke da haƙora 16 a jikin baligi, lanƙwasasshe ne, shi ya sa yakan karye a wuri biyu. A ganina, tunda bugun haɓa yana iya shafar wuya, duk wanda ya bugu a haɓa sai a tallafe kansa a miƙe har asibiti, kada a fara kai shi wurin maɗori.

Naka,
Wani mai karatu, Zariya