Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Ilimi na Jihar Bauchi: yaranmu ba su san gauraka ba

Assalamu alaikum mai girma Kwamishina. Allah ya taya ku riƙo.

Ni malamin bayoloji ne a ɓangaren Misau, kuma maganar gauraka ce ta sa na ɗauki waya ina rubuta muku. Tsuntsun da ake cewa shi ne tsuntsun ƙasa na Najeriya, mai tukkun zinariya a ka, ga shi ya kusa ƙarewa kaf a dajinmu, kuma yaran da muke koyarwa yawancinsu ko sunansa ba su sani ba. Wanda ya taɓa ganinsa ma a gidan wani mai kuɗi ya gan shi, an fige masa fiffike yana zagaya tsakar gida a matsayin ado. Wannan abu yana min ciwo wallahi.

Kun fi ni sanin cewa Tafkin Maladumba a jiharmu yake, nan ƙaramar hukumar Misau, kuma tun 2008 aka sa shi cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta ce duniya ta kula da su. To ina amfanin wannan suna in yaron da aka haifa a gefen tafkin zai gama sakandare bai taɓa tsayawa bakin ruwan da malami da littafi a hannu ba? Duk 5 ga Yuni, Ranar Muhalli, muna jin manya na cewa za a wayar da kan matasa. Matasan nan fa suna cikin aji, a hannun ma'aikatarku suke daga safe har azahar, ba sai an je neman su ba.

Kuma darasin ba wuya gare shi. Gauraka a fadama yake sheƙa da damina, cikin ciyawar da ruwa ya kewaye, in rani ya yi sai ya bi ruwa ya koma inda bai ƙafe ba, wani lokaci har ya tsallaka iyaka. Idan aka nome fadamar har bakin ruwa, aka kora shanu suka tattake sheƙar, masu kamu suka kwashe 'ya'yan suka kai kasuwa, me zai dawo yi? Akwai ma ɗan uwansa da ke tasowa daga can yankin Rasha da Yukren ya tsallake hamada ya zo ya yi hunturu a Sudan da Cadi. Yaro ɗan ƙauye zai kama wannan nan take tunda ya san shamuwa, ya san in ta iso damina ta matso, kuma tun yana ƙarami aka hana shi jifanta. Abun da iyayenmu suka yi wa shamuwa shi nake roƙon makaranta ta yi wa gauraka.

Wasu sun yi kuma an gani. A garin Izumi na Japan, inda gauraki sama da 10,000 ke sauka duk hunturu, 'yan ƙaramar sakandare ne ke fita da asuba suna ƙirga su, kuma da lissafin yaran ake aiki. A Amurka farin gaurakansu saura wajen 20 a shekarun 1940, yau sun haura 800 saboda an tsaya masa. Mu kuma namu muna kallo yana ɓacewa.

Dan Allah mai girma, ba sai an jira Abuja ta canza manhaja ba. Takarda ɗaya daga ofishinku ta isa a ba makarantun Misau da kewaye izinin kafa ƙungiyar kula da tsuntsaye, a ware musu rana ɗaya a zango su je Maladumba, a taimaka da mota da mai da 'yan madubin hangen nesa ko da guda biyu ne kowace makaranta. Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya sau biyu ake yinta, Asabar ta biyu a Mayu da Asabar ta biyu a Oktoba, ta Oktoba ta dace da mu sosai don lokacin ruwa na nan kuma baƙin tsuntsaye sun fara isowa. Masana ma ba su yi nisa ba, ga cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos, aikinsu ke nan, a gayyato su su horar da malamai.

Na san akwai rufin da ya yaye da kujerun da babu, a cikinsu nake aiki, waɗannan ma a duba. Amma rufi in an samu kuɗi baɗi za a gyara, gauraka kuwa in na ƙarshe ya tafi babu kasafin da zai dawo da shi. Ku sa hannu a takardar nan kafin Oktoba, mu malamai a shirye muke mu fita da yaran.

Naku,
Wani malamin bayoloji daga Misau