Wasiƙar Godiya ga Shagon da Ya Hana Ni Bindigar da Na Zo Nema

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Alhaji mai shagon makamai da yaransa, waɗanda na tsaya a rumfarsu a baje-kolin shaho da kayan farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, cikin watan Oktoban 2024.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya kasuwa, ya iyali? Na so in kama sunan shagon a wannan takarda, amma da na kira Alhaji ya ce in rufa masa asiri, wai shi bai yi abin da ya wuce aikinsa ba. Na bi maganarsa a kan suna, amma shiru kam ba zan iya ba, yabon gwani ya zama dole. Na kuma zaɓi in rubuta da Hausa don 'yan'uwa na Jidda da Makka da Madina da Ɗa'if, saboda tun da labari ya bazu cewa na sayi bindiga, ba a raba ni da tambaya a wurin ɗaurin aure da zaman makoki.

Ina da ɗan garken tumaki a wajen gari, ta hanyar Usfan, kuma idan layya ta gabato nakan kwana can ni da makiyayi ɗaya. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa uwargida. Ragowar dalilin kuwa sha'awa ce tsagwaronta, mai tsohon tarihi. Kakanmu da ƙafa ya zo ƙasar nan daga ƙasar Kano, ya ratsa Chadi da Sudan, ya shiga jirgin ruwa a Sawakin. Cikin labaran da yake ba mu muna yara, wanda ya fi zauna mini shi ne na bindigar tokar da wani ɗan ayarinsu ya riƙe, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya a koma ɗuri. Harba-ka-ruga yake ce mata, yana dariya har da hawaye. Tun daga nan abin ya shiga raina, sai da furfura ta fito sannan Allah ya nufa.

Kafin in taso na shafe watanni ina kallon YouTube, har na ɗauki kaina gwani. Na riga na yanke shawara: Glock 26 nake so, 'yar ƙarama, mai cin harsashi 10, wadda za ta ɓace a aljihun taguwa. Da wannan na hau jirgi zuwa Riyad, ni da ɗan yayata.

Muna tsaye gaban gilashi muna gardama da Hausa, sai wani saurayi daga cikin ma'aikatanku ya matso ya ce, "Baba, sannunku da zuwa. Daga ina?" Hausar tasa ta Madina ce, wadda ya tsotsa a wurin kakarsa, Larabci na leƙowa ta kowace kusurwa, amma ta fi mini ruwan sanyi daɗi. Na gaya masa abin da na zo saye. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi in nuna masa hannuna.

Hannun nan shekara talatin yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kowace yatsa kamar taɓarya. Ya ɗauko bindigar da nake so, ya zare gidan harsashi, ya ja samanta baya, ya leƙa ciki, ya juyo mini da ita in leƙa ni ma, sannan ya miƙo. Ina damƙa sai ƙaramar yatsata ta rasa wurin zama, tana lilo a iska. Ya ce, "Baba, ka ga matsalar? Harsashin da wannan ke ci shi babbar ke ci, mai milimita 9. Ƙarfin ɗaya ne, amma nan babu nauyin da zai shanye shi, babu kuma mariƙin da zai cika maka hannu. Duk bugun a tafinka zai ƙare." Ya ƙara da cewa tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajera ce, don haka ɗan karkacen da ido bai gani ba sai ya zama kuskuren taku guda a wurin da aka nufa. Ƙaramar bindiga, in ji shi, ta gwani ce, ɗan koyo wahala kawai zai sha.

Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Dattijo ya zo da kuɗinsa, yaro yana gyara masa zance. Amma sai ya ɗora mini Glock 19 a hannu, yatsu duka suka sami masauki, na ji ta zauna daram. Ita ce tsaka-tsaki: ba ta kai Glock 17 girma ba, wadda Gaston Glock ya ƙera wa sojojin Ostiriya a farkon shekarun 1980, ta kuma ɗara 26 ɗin. An fito da ita a 1988, tana cin harsashi 15, tsawon bututunta milimita 102, kuma ko an cika ta ba ta kai kilo guda ba, saboda gangar jikinta ta roba ce mai tauri. Yaron ya ba ni labarin cewa shi Glock ɗin ba maƙerin bindiga ba ne tun asali, sandunan labule da wuƙaƙe yake yi kafin ya shiga wannan harka. Na ce ashe mai gyaran na'urar sanyi ma bai makara ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai wani abu ne da na ƙirga da idona. Sau shida bindiga ta ratsa tsakanin hannuna da nasa a wannan tsayuwa, kuma sau shida yana zare gidan harsashi, ya ja baya, ya leƙa. Har lokacin da ni na miƙa masa ita, daƙiƙa biyar bayan shi da kansa ya duba. Na ce, "Ɗana, ai yanzu ka gani babu komai." Ya ce, "Na gani, Baba. Ranar da na daina dubawa don na gani, ranar za ta ci mutum." Can kuma garin juyawa in nuna wa ɗan yayata, sai bakin bindigar ya bi ta kan cikinsa. Yaronku bai ɗaga murya ba, bai kunyata ni gaban jama'a ba. Yatsa biyu ya sa ya kautar da bakin zuwa ƙasa, ya tuna mini hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Na san hadisin tun ina makarantar allo, amma ban taɓa jin nauyinsa ba sai da ƙarfe ke hannuna.

Ya kuma ja mini kunne a kan wani hali na wannan bindiga. Ba ta da ɗan makullin da ake turawa da babbar yatsa kamar wasu. Matakan tsaronta uku ne, ɗaya a jikin kunama, biyu a ciki, suna hana ta tashi idan ta faɗi ƙasa ko ta bugu, amma da zarar an ja kunama sun buɗe. Saboda haka yatsa ba ta shiga wurin kunama sai an yi niyyar harbi, kuma ba a jefa ta aljihu tsirara tare da makullin mota, sai cikin kube mai tauri da ya rufe kunamar. "Yatsa a waje, Baba." Ya faɗa ya fi sau goma. Yanzu ko abin fesa turare na ɗauka sai in tarar da manuniyata a miƙe.

Masu tambayata ko a ranar na dawo da ita gida, a'a. Ba tumatir ba ne. Kulob ɗin masu shaho na Saudiyya, wanda aka kafa a 2017, shi ke shirya baje-kolin, amma izini na Ma'aikatar Cikin Gida ne, a ƙarƙashin dokar makamai da harsasai ta shekarar 1426 Hijiriyya, wato 2005. Ta manhajar Absher ake bi, ana duba lafiyar mutum, ana duba ko yana da tabon laifi, kuma cinikin na 'yan ƙasa ne, baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, kallo ne nasa. Yaranku suka zaunar da ni, suka ba ni gahawa da dabino, muka bi matakan ɗaya bayan ɗaya a wayata. Na koma Jidda da rasit da ƙaramin littafi.

Jiran nan ya gwada ni. Kullum bayan asuba sai na buɗe waya in ga ko saƙo ya shigo, kamar saurayin da ya kai kuɗin gaisuwa yana jiran amsa. Na kira shagonku sau huɗu, kuma ko sau ɗaya ba a nuna mini ƙosawa ba. A kira na biyu ne Alhaji da kansa ya tambaye ni inda zan ajiye ta. Na ce cikin durowar gefen gado. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Akwai jikoki a gidan?" Akwai, guda biyar, kuma ƙaramin babu abin da bai buɗewa. Ya ce to kafin bindiga ta iso, akwatin ƙarfe mai lambobi ya riga ta isowa, a ɗaure shi da bango, harsashi kuma a ware masa wurinsa daban. Shi ba ya sayar da akwatin, ko riyal bai samu a wannan shawara ba.

Akwatin ne ma ya sasanta ni da uwargida. Da farko cewa ta yi ko ita ko bindiga a gidan. Da ta ga an huda bango an ɗaure, ta tabbatar lambar ba ranar haihuwar kowa ba ce, sai ta sauko zuwa "Allah ya kyauta", wanda a bakinta amincewa ce. A cikin kwanakin ne kuma wani da muke zaman shayi da shi ya raɗa mini cewa da na yi masa magana, da ya samo mini wata a rabin kuɗi ba tare da wannan jeka-ka-dawo ba. Na ce masa arha ba ta ado, kuma ni ban shirya tsufa a gidan yari ba.

Ranar da na karɓo ta, sai da na bari gida ya yi barci. Na shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, na buɗe akwatin robar: ga ta kwance baƙa wuluk, ga gidajen harsashi, ga ɗan abin taimakon ɗuri, ga tsinken gogewa da burushi, ga ƙarin bayan mariƙi ga mai babban hannu. Tana ƙamshin sabon mai. Kafin in san abin da nake yi, na zare, na ja, na leƙa. Sabuwa fil daga kamfani, babu harsashi ko ɗaya a ɗakin, amma hannuna ya riga ya haddace karatun yaronku.

Harbin farko a filin koyon harbi mai lasisi na yi shi, kamar yadda kuka ce, da malami a gefe, da abin toshe kunne da tabarau. Nan girman kaina ya ƙarasa zubewa. Cusa harsashi na 14 da na 15 cikin sabon gida sai da babbar yatsata ta yi ja. Harsashi goma na farko duk suka tattaru ƙasa ta hagu, na ce wa malamin saitin ya karkace. Ya karɓa, ya harba uku, suka shige tsakiya kusan rami ɗaya. Sai ya juya baya ya cika mini gidan da kansa, ashe ya saka na bogi marar albarushi a tsakani. Da na zo kansa, bindiga ta ce ƙyas, ba ƙara, amma na ga bakinta ya dunguri ƙasa. Ni ne nake tura ta tun kafin ta tashi, don tsoron bugun. Saiti lafiyarsa lau. Ana cikin haka wani kwanso mai zafi ya yi tsalle ya faɗa mini ta wuyan taguwa ya gangara ƙirji. Na yi rawar da ban yi ba tun ina ango, amma bakin bindiga bai bar gaba ba, yatsa kuma tana waje. Malamin ya ce wannan kaɗai ya ishe shi shaida cewa wanda ya sayar mini ya san aikinsa. Da 26 ɗin nan na saya, ban san inda harsasaina za su sauka ba.

Yanzu wata-wata nake zuwa, kuma ramukan sun fara matsowa tsakiya, a hankali dai. Mafi yawan kwanakinta a akwati take yi. Doka ta hana ɗaukar makami cikin iyakokin Harami biyu, da masallatai, da makarantu, da ofisoshin gwamnati, da filayen jirgin sama, da wuraren taro da bukukuwa, kuma mu da rabin danginmu ke Makka, mako ba ya wucewa ba mu ratsa iyakar ba. Tun kafin dokar ma, hadisi ya hana ɗaukar makami a Makka. Masu ɗaga bindiga sama a wurin biki kuwa, su sani harsashin da ya hau sai ya sauko, kuma ba ya tambayar kan wa zai faɗa. Wannan ma a rumfarku aka fara karanta mini shi, tun ban biya ko sisi ba.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a dukiya da zuriya, ya tsare ku daga sharrin abin da kuke sayarwa. Ka riƙe yaron nan da kyau. Kai kuma ɗana, ka ce rabonka da tsire na gaske, wanda mutanen Hijaz ke kira siriya, tun rasuwar kakarka. Ban manta ba. Idan Allah ya kai mu baje-koli na gaba zan zo maka da shi daga Jidda, da ƙullin yajin ƙuli na hannun uwargida, ita ce ma ta ce in gaya maka.

Wassalam.

Naku,
Wani dattijo mai garken tumaki, daga Jidda.