Digiri na biyu kan shugabancin Kirista da gyaran halin mai jagoranci

Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana kan wani karatu da mutane da dama suke ɗauka tsani ne kawai na hawa muƙami, wato digiri na biyu a fannin shugabanci wanda makarantun Kirista suke bayarwa. Na shafe shekara 2 ina wannan karatu, ina kuma ci gaba da jagorantar wani sashen hidima a ikkilisiya, kuma abin da na fito da shi ya sha bamban da abin da na shiga nema.

Na shiga ne da zaton za a koya mini dabarun tafiyar da jama'a, kuma an koya mana tsara kasafin kuɗi da sasanta rikici da gudanar da taro. Amma aikin da ya fi girgiza ni shi ne wanda aka ba mu a zangon farko, inda aka ce kowane ɗalibi ya raba takardar tambayoyi ga na gaba da shi, da abokan aikinsa, da waɗanda ke ƙarƙashinsa, su faɗi yadda suke ganin jagorancinsa ba tare da sun rubuta sunayensu ba. Da amsoshin suka dawo, sai na tarar kusan bakinsu ya zo ɗaya: ina katse mutum kafin ya gama magana, kuma idan na ba wani aiki, ba na barinsa ya ƙarasa sai na karɓe da hannuna. Ni kuwa duk tsawon shekarun nan ina kiran wannan hali himma. Ashe gaskiya ne da ake cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani, domin wannan hali ne na daɗe ina zargin wasu shugabanni da shi.

A makon da ya biyo baya muka yi nazarin sura ta 18 ta Littafin Fitowa a cikin Littafi Mai Tsarki, inda Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune tun safe har yamma yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa ya kuma gajiyar da mutanen, sannan ya ba shi shawarar naɗa amintattu a kan dubu-dubu da ɗari-ɗari da hamsin-hamsin da goma-goma, su yanke ƙananan al'amura, manyan kuma su kawo masa. Na sha karanta wannan sura, har na sha koyar da ita, amma ban taɓa ganin kaina a kujerar Musa ba sai da takardun nan suke gabana. Abin da ya ƙara ratsa ni shi ne Yetro firist ne na Madayana, ba daga cikin jama'ar Isra'ila ya fito ba, duk da haka Musa ya saurare shi ya yi yadda ya ce.

Mun kuma karanta tunanin Robert Greenleaf, mutumin Amurka da ya yi shekara 38 yana aiki a kamfanin wayar tarho na AT&T kafin ya fito da batun shugaba mai hidima a 1970. Ma'aunin da ya kafa shi ne a duba ko mutanen da ake jagoranta suna ƙaruwa da hikima da 'yancin tsayawa da ƙafarsu. Malamanmu suka mayar da mu ga tushen batun a Markus 10:42-45, inda Yesu ya ce wa almajiransa wanda yake son zama babba a cikinsu sai ya zama mai yi musu hidima. Da na auna kaina da wannan ma'auni, sai na ga waɗanda suka fi daɗewa tare da ni su ne suka fi tsoron yanke shawara, kuma ni na mayar da su haka.

Na san akwai 'yan'uwa da ke cewa kiran Allah ya wadatar, tunda masuntan Galili da Yesu ya kira su zama almajiransa ba su da takardar shaida. Ina girmama wannan ra'ayi, amma ya kamata a tuna cewa Bulus da kansa ya faɗa a Ayyukan Manzanni 22:3 cewa a gaban Gamaliyel, wani babban malamin Attaura, ya yi karatu. Haka kuma sharuɗɗan da Bulus ya jera wa mai kula da ikkilisiya a 1 Timoti sura ta 3 galibinsu na hali ne, kamar kamun kai da sauƙin hali da rashin son kuɗi, kuma hali yakan gyaru ne idan an sami mai nuna maka inda ka karkace. Ban musanta ba cewa akwai waɗanda suka karɓo takardar digirin suka dawo da girman kai fiye da yadda suka tafi, shi ya sa nake shawartar duk mai niyyar wannan karatu ya bincika tun farko ko makarantar tana haɗa ɗalibi da mai ba shi shawara, ko kuma tana sauraron mutanen da yake jagoranta.

A watannin ƙarshe na karatun na miƙa wa wata matashiya a sashenmu aikin haɗa rahoton shekara, aikin da ban taɓa barin kowa ya taɓa ba. Rahotonta na farko ya zo da kurakurai, hannuna yana ƙaiƙayin karɓewa, amma na daure na nuna mata wuraren na mayar mata. Ita ce ta karanta shi a gaban dattawan ikkilisiya, kuma a bana ita ce take koya wa wasu mutum biyu yadda ake haɗa shi.

Naku da girmamawa,
Wani mai karanta jaridarku