A Daina Sayar Da Zakaran Iri: Kira Ga Masu Kiwon Kajin Gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana masu kiwon kaji a Arewacin Kamaru, tun daga Ngaundere har zuwa Kusiri, kan halin da kajinmu na gida suke ciki. Ina nufin kajin da muka gada a tsakar gidajenmu, wato jan zakara mai baƙar wutsiya, da wake-wake, da durgu mai gajerun ƙafafu, da mai tukku, da mai murɗaɗɗen gashi, da kuma wadda wuyanta ba ya fitar da gashi. Wanda ya daɗe yana cin kasuwar Pitowa ranar Lahadi zai yarda da ni cewa cikakken zakara na asali, mai faɗin ƙirji da launi tsantsa, ya fara wuyar samu.

A ganina, babban dalilin yana hannunmu. Idan salla ta ƙarato, ko aka yi baƙo mai daraja, ko buƙatar kuɗin makaranta ta taso, zakaran da ya fi kowane girma da kyau shi ake kamawa a yanka ko a miƙa wa dillali, a bar tsamurarren da babu mai tayawa ya ci gaba da barbarar kajin gida. Manominmu ba ya yi wa gero haka, domin zangarniyar da ta fi cika ita yake ɗaurewa ya rataye don shukar baɗi. Mu kuwa kowace shekara sai mu cinye irin, kuma da yake zakara ɗaya shi ne rabin jinin duk 'yan tsakin da za a ƙyanƙyashe a gidan, ƙanƙancewar tana bayyana cikin 'yan shekaru kaɗan.

Dalili na biyu shi ne yayin kajin waje. Matasa suna ganin hoton Burahma mai gashi har ƙafa a Facebook, ko Goliyat da ta fito daga ƙasar Benin, sai su sayi zakara su sake shi cikin kajin gida ba tare da wani tsari ba. Ban ƙi mutum ya kiwata abin da yake sha'awa ba. Sai dai Burahma a Amurka aka raya ta, tun wajen shekarun 1850, daga kajin da aka kai can daga ƙasar Sin, kuma jikinta na ƙasar sanyi ne, alhali zafin Garwa a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. A irin wannan zafi kazarmu mai wuya babu gashi ta fi jurewa, saboda ƙarancin gashin yana taimaka mata fitar da zafin jiki. Gaskiya ne kazar gida ba ta cika wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara ba, yayin da ta gidan gona takan kusanci 300, kuma ta gidan sai ta yi wajen wata 6 kafin ta fara ƙwai. Amma ita take tonon abincinta, ta ci gara da tsaki da dusa, ta yi kwancin kwana 21 da kanta, ta raini 'ya'yanta, ta kuma kare su daga shirwa. Idan aka narkar da wannan hali cikin jinin waje, babu kantin da za a je a sake sayo shi.

Shi kuwa launi, yana da ƙa'idar da yake bi, kuma mai kiwon da ya san ta ba zai riƙa mamakin abin da ya fito daga ƙwai ba. Akwai fari mai ɓuya a cikin jini, wanda kan sa kaza da zakara masu launi su haifi farin tsako idan dukansu suna ɗauke da shi. Akwai kuma launin toka mai ɗan shuɗi da mutane ke so ƙwarai, wanda ba ya tsayawa shi kaɗai: idan aka haɗa masu toka biyu, kimanin rabin 'ya'yan ne za su yi toka, kashi ɗaya cikin huɗu su fito baƙaƙe, sauran su fito fari-fari da ɗigo. Wani abin da da yawa ba su sani ba shi ne, kaza tana iya riƙe barbarar zakara a jikinta har mako biyu zuwa uku, saboda haka mai son tabbatar da uban 'yan tsakinsa sai ya killace ta na mako uku kafin ya haɗa ta da zakaran da ya zaɓa.

Duk da haka ina gargaɗin kada launi ya rufe mana ido. Na san masu saye sukan ƙara kuɗi a kan fari tas ko ja wur, wasu don kyauta, wasu don buƙatunsu na gargajiya, kuma wannan yakan ja mai kiwo ya riƙa haɗa uba da 'yarsa, wa da ƙanwarsa, shekara da shekaru, don kada launin ya gauraya. Sakamakon shi ne ƙwai da ke yin bara-gurbi da 'yan tsaki marasa ƙwari. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne lafiya da kuzari da nauyin jiki, da uwar da ke ƙyanƙyashe mafi yawan ƙwanta ta kuma raya su. Daga cikin waɗanda suka cika wannan sharaɗi ne za a zaɓi launi. Zakara ɗaya ya isa kaza 8 zuwa 10, kuma yana da kyau bayan shekara ɗaya ko biyu a yi musanyarsa da na wani mai kiwo daga wani ƙauye, mai launi iri ɗaya amma jini daban. Ƙwan da za a sa wa kaza ta kwanta a kai kada ya wuce kwana 7 zuwa 10 da yinsa.

Duk wannan wahala tana iya tashi a banza cikin mako guda idan cutar Niyukasil ta shigo da hunturu, domin takan share akurki kaf. Abin farin ciki, a nan Bokle kusa da Garwa muke da LANAVET, cibiyar da aka kafa a 1983, wadda ke sarrafa magungunan rigakafin dabbobi har da na wannan cuta. Kwalba guda tana isar kaji masu yawa kuma tana son sanyi, don haka ya dace maƙwabta su haɗa kuɗi su yi wa kajinsu rana ɗaya kafin iska ta juyo, kuma duk kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Roƙona ga hukumomin kiwo da masu bincike na IRAD, wato cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, da na Jami'ar Ngaundere shi ne su riƙa kai wannan ilimi ga iyayenmu mata a ƙauyuka, waɗanda mafi yawan kajin nan a hannunsu suke, cikin Hausa da Fulatanci. Ina kuma roƙon masu shirya baje kolin noma da kiwo a Garwa da Marwa su ware wa kajin gida rukuninsu daban da na kajin waje, a ba da kyauta ga wanda ya kawo zakara tare da 'ya'yansa, domin a ga ko kyansa yana sauka ga zuriyarsa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani mai kiwon kaji,
Garwa, Arewacin Kamaru.